Gwiwar Wandon Baba Guduma

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Lauya ce ta ba ni wannan littafin. Ragowar littafinta ne na lissafi, ta yage shafukan da malami ya yi wa jan biro, ta ce, "Baba, duk abin da ka gani a hanya ka rubuta mini, kada ka dawo kana ƙara gishiri da baki." Ita ce 'yata ta fari, shekararta goma sha biyar, ba a taɓa ba ta amsa ɗaya ta yi shiru ba, shi ya sa muke ce mata Lauya. Ni kuwa aji biyu na yi a sakandare, na ga boko ya ishe ni, shi ma ya ga na ishe shi, muka rabu ba faɗa. To ga rubutu nan yadda ya samu.

Abin da na fara gani a hanya shi ne ban kai hanyar ba.

Yau ce ranata ta farko a kamfanin tirela, gwajin wata guda. An haɗa ni da wani tsohon direba, Baba Guduma, shi zai koya mini, shi kuma zai sa hannu a ƙarshe in na iya. Shekara goma sha shida ina jan motar burodi, 'yar ƙarama, wadda in ta mutu mutum biyu ke tura ta. Yau aka nuna mini wadda sai na taka matakala uku kafin in kai kujera. Taya ashirin da biyu. Sau biyu na ƙirga.

Baba ya ce, "Mai Burodi, zan shiga ofis in karɓo takardar kaya. Ka zauna. Kada ka taɓa mini komai."

Kan motar yana gefe guda, bodin yana tsaye a kan ƙafafunsa, maƙil da kwalayen tangaran, faranti da kofuna. Sai na hango Gwamnati, uwar 'ya'yana ke nan, abin da ta ce shi ake yi, ita da Lauya a bakin get, sun zo ganin tashina. Sai shaiɗan ya raɗa mini, yanzu iyalinka su same ka zaune kamar fasinja? A makarantar tuƙi an nuna mana yadda ake haɗa kai da bodi. Na ja baya, na ji ƙaf, na sauka na jona tiyon iska, na naɗe ƙafafun bodi, na hau. Abu biyu na tsallake. Ban durƙusa na leƙa ƙasa na ga ko ƙarfen ya kulle ba, ban kuma ɗan fizge ta na ji ko ta riƙe ba. Na sa giya, na danna hon, na fito da hannu ina ɗaga wa mutanena kamar ɗan takara.

Na tafi da kai, gangar jiki ta ce ba ta zuwa. Ta zame, ta kifa da hanci.

Ƙarar ba ta tsaya lokaci guda ba. Sai da ta yi ta zuba a ciki a hankali, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Har yanzu tana kunnena.

Baba ya riga manaja isowa da taku kamar goma. Ya dubi bodin, ya dube ni, ya ce in sauko in tsaya bayansa. Akwai dokar da na sa wa hannu ranar Juma'a: ɗan gwajin da ya motsa mota ba da iznin malaminsa ba, ya ɗauki jakarsa. Manaja ya yi tambaya ɗaya, wa ya haɗa motar nan. Baba ya ce, "Ni ne. Ni na ce ya ja ta gaba kaɗan."

Ni kuma na duƙufa ina nazarin takalmina.

Da na waiga get, Gwamnati ta rufe baki da mayafi. Lauya ba ta rufe komai ba. Tun farko tana tsaye a wurin, ta ga wanda ya shiga ofis, ta ga wanda ya hau mota.

Wannan shafin zan yage shi kafin in ba ta littafin.

Talata, 4 ga wata, da asuba

Mun tashi da wani bodin, buhunan taki. Baba ya ce taki ba ya fashewa. Iyakar abin da ya ce a kan jiya ke nan.

Talata, bayan la'asar

Lauya, ga abin da na gani.

Daga saman nan duniya wata iri ce. Ina ganin rufin motoci da abin da mutane ke ɗorawa a kai, katifa, keke, kaji a kwando. Wata motar burodi irin tawa ta wuce mu, na ce ashe haka nake, kwalin ashana mai taya. Shekara goma sha shida ina yankan gaban tirela, in ta yi mini hon in zagi direbanta. Allah ya yafe mini.

A wani miƙaƙƙen wuri da ba kowa, Baba ya ba ni sitiyari, ya ce in taka burki in ƙirga sandunan lantarki har ta tsaya. Huɗu na ƙirga, muna dab da na biyar. Ya ce, "Ka gani? Tan arba'in ba ya jin tsawa. Tun daga nesa ake fara lallashinsa."

Bayan azahar gari ya ƙare, ƙauyuka ma suka ƙare, sai fili. Ban san akwai ƙasa mai yawa haka da ba kowa a kanta ba. Sama ta sauko ta kowane gefe har ta taɓa ƙasa, hanyar ta miƙe ta shige cikinta. Awa uku muna gudu, inda muka nufa bai matso ba. Na tuna shekara biyu muna gaba da maƙwabcinmu a kan taku biyu na bakin kwata. Na so a ce yana nan in nuna masa.

Alhamis, 6 ga wata, da hantsi

Na gano dalilin sunan. 'Yar guduma ce a aljihunsa, ƙotarta ta yi sulɓi don riƙo. Duk inda muka tsaya sai ya zaga motar yana ƙwanƙwasa taya ɗaya-ɗaya, ya karkata kunne kamar likita. "Wannan lafiya. Wannan lafiya. Wannan tana ƙorafi." Na buga na saurara, duk kuka ɗaya nake ji. Muka duba mai ƙorafin, ƙusa ce ta nutse har wuya.

In ya gama da taya sai ya sa gwiwar dama a ƙasa, ya haska tocila a ƙarƙashin bodi, ya dubi ƙarfen nan da ke kulle kai. Ko shayi muka tsaya sha sai ya yi.

Na ce, "Baba, ai ba wanda ya cire ta."

Ya ce, "Ka gani da idonka, ko zuciyarka ce ta gaya maka?"

Duk wandunansa da faci a gwiwar dama. Ya ce matarsa ta gaji, yanzu in ya sayo sabo sai ta sa masa facin tun kafin ya sa. Na yi dariya. Da na tuna wanda ake cewa ya manta bai leƙa ba, dariyar ta maƙale.

Alhamis, da magariba

Na kira gida. Gwamnati ta ce lafiya lau, ta ce in rage shan sukari. Ƙananan duk sun karɓi waya, Auta ta ce in zo mata da taya ɗaya. Lauya wai tana karatu.

Asabar, 8 ga wata, bayan magariba

Mun yada zango a wurin da direbobi ke tsayawa. Teburin mai shayi ne da benci huɗu, tireloli sun yi layi kamar unguwa guda. Muna zama wani ƙaton direban tanki ya ɗaga murya: "Mai shayi, Baba ne fa. A zuba masa a kofin roba, a ɓoye na tangaran."

Wurin ya ɗauki dariya. Wani daga gefe ya ce, "Ku bari mana, tsufa ne, ba laifinsa ba." Wannan ta fi zafi, don shi da tausayi ya faɗe ta.

Baba ya karɓi kofin robar ya kurɓa. Ya ce sukari bai ji ba.

Da ya tashi duba taya na ji sauran labarin daga bakin Mai Tanki. Akwai allo a bangon ofishinmu, sunan kowane direba da shekarun da ya yi bai yi ɓarna ba. Na gan shi ran farko, ban kula ba. Baba ne a sama, talatin da ɗaya. Mai bi masa sha huɗu. An goge na Baba. Kuma farkon wata mai zuwa manya za su zauna su duba ko a sauke shi daga doguwar hanya, a bar shi a yadi yana gyara wa matasa fakin.

"Kai kana wurin ai," in ji Mai Tanki. "Da gaske mantawa ya yi?"

Na ce shayina ya huce, bari in sa a ƙara mini ruwan zafi.

Lahadi, 9 ga wata, da safe

Na yi dariya tare da su jiya. Wannan shafin ma zan yage.

Laraba, 12 ga wata, da la'asar

Lauya, yau na ga gajimare a ƙarƙashina. Ba gishiri a ciki.

Mun sauke taki shekaranjiya, mun ɗauki ɗaurin auduga. Tun hantsi muke hawan dutse, mota tana nishi, mai tafiya a ƙasa ma zai iya yi mana sallama ya wuce. Kunnena ya toshe. Da muka kai ƙololuwa Baba ya tsaya, na sauka na leƙa. Sai ga farin abu a shimfiɗe ya cika kwarin kaf, kawunan duwatsu sun ɓullo ta cikinsa. Wata shirwa tana shawagi, bayanta nake gani. Shekara arba'in da huɗu cikin tsuntsu kawai nake gani, yau na ga bayansa. Na cire hula, ban san dalili ba.

Sai Baba ya miƙo mini makulli. "Kai za ka sauke ta."

Na ce, "Baba, 'ya'yana huɗu."

Ya ce, "Jikokina tara. Hau."

Ya sa na maida ta ƙaramar giyar da muka hau da ita, ya ce in bar inji ya riƙe ta, in ɗauke ƙafa daga burki sai ya ce. "In ka kwanta a kansa zai ɗau zafi. In ya ɗau zafi, a kwana ta goma za ka taka ka ji ba kowa a gida."

Minti arba'in muna gangara. Dutse a hagu, a dama ba komai sai Allah. Nauyin nan duka yana bayana yana tura ni, ina jin sa a ƙashin baya. Baba yana zaune hannu a cinya, yana cewa taɓa, saki, taɓa, saki, kamar mai lallashin jariri. A wata kwana na hango gawar tirela can ƙasa, ta yi tsatsa, har bishiya ta tsiro ta tagarta. Baba bai ko kalle ta ba. Ya ce, "Na san direbanta. Yana da gaggawa."

Da muka iso ƙasa rigata sai a matse. Ya ce, "Ba laifi." Yabo na farko ke nan.

Na ga dama ta samu, na ce, "Baba, maganar ran Litinin ɗin nan..."

Ya ce, "Duba madubinka."

Motar a tsaye take fa.

Juma'a, 14 ga wata, da azahar

Teku.

Na daɗe riƙe da biro ban san ta inda zan fara ba. Mun sha wata kwana, sai hanya ta buɗe, na ga kamar sama ta faɗo ƙasa tana motsi. Na tambayi Baba ina ɗaya gaɓar, ya ce in na samu hutu in shiga in nemo. Ruwa ne yake tahowa, ya zube, ya koma, ya sake tahowa, ba wanda ya aike shi, ba ya gajiya. Na ɗanɗana, Lauya. Gishiri ne, kuma ba ni na ƙara ba.

A tashar jiragen ruwa na ga jirgin da ya fi layinmu tsawo, har da masallaci da shagon mai aski. Wani injin ɗaga kaya ya sunkuyo ya ɗauki akwatin ƙarfe mai girman bodinmu kamar yadda kike ɗaukar ƙwayar sukari. Tirelar da na kwana goma ina yi wa kallon giwa, a nan ta koma tururuwa. Ni kuma sai ki lissafa.

Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne Baba. Aka ba mu wurin sauke kaya tsakanin motoci biyu, ratar da ko amalanke zan yi shawara kafin in shigar. Ya dubi madubi, ya murza sitiyari da tafin hannu ɗaya, bodin nan ya bi shi da baya kamar zare a kafar allura. Sau ɗaya. Leburori suka daina aiki suna kallo. Mutumin da za a ce ya tsufa ke nan.

Na cika miki gorar ruwa da teku.

Alhamis, 20 ga wata, da yamma, a gida

Mun shigo yadi da hantsi. Na yi niyyar in wuce ofis ba tare da na ɗaga kai ba, idona ya ci amanata. A allon nan sunan Baba ya koma can ƙasa, ƙasan wani da ya fara aiki bara. Da sifiri a gabansa. Inda aka goge talatin da ɗayan har yanzu ana ganin inuwarta.

A gida an yi murna. Auta ta laluba jakata ba ta ga taya ba, ta ce ba ta yi da ni. Gwamnati ta ce na yi baƙi, na rame, na kuma fara tafiya ƙafa a buɗe kamar mai kuɗi. Na zauna a tsakar gida ina ba su labarin dutse, ina kwaikwayon muryar Baba, ƙananan suna birgima. Idona ya kai lungun da keken ɗinkin Gwamnati yake a da. Tun da muka sayar da shi a watanni takwas da na yi ba aiki bayan gidan burodi ya rufe, ba a sa komai a wurin ba. Ba na son maganar watannin nan.

Lauya ta ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ta kawo ruwa, ta ɗauke takalmina. Na ba ta gorar teku, ta ce ta gode. Na jira. Yarinyar da in ka ce mata ka ga kaza sai ta tambayi launinta da sunan mai ita, na ce mata na ga teku ba ta yi tambaya ko ɗaya ba.

Sai da ta zo kwashe kwanuka ta tsaya, ba ta dube ni ba, ta ce, "Baba, tsohon nan yana da 'ya'ya?"

Na ce har da jikoki tara.

Ta ce, "To." Ta wuce.

Juma'a, 21 ga wata, da safe

Ta tambayi littafin. Na ce ban gama ba.

Talata, 25 ga wata, bayan la'asar

Mun sake fita shekaranjiya, wata hanyar daban. Yau na ga ruwan sama yana tafiya da ƙafarsa. Bango ne baƙi daga sama har ƙasa, yana ratsa fili yana tahowa, a gefensa rana tana haska gonaki. Muka shige shi kamar an ɗaga labule. Minti goma muka fito ta baya, titi a bushe.

Can gaba akwai wata gada a kan kogi mai faɗi. Baba ya sa na tsaya kafin mu hau. Bai ɗauki guduma ba. Ya je ya jingina da ƙarfen gadar yana kallon ruwa, kwale-kwale biyu suna wucewa. Ya daɗe. Na je na tsaya gefensa.

Ya ce, "Tun ana tsallake nan da jirgin fito nake bin hanyar nan. Ina kallo ne, ko wata mai zuwa ba ni."

Na ce, "Baba, me ya sa?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Na fito daga ofis na hango ka kana ɗaga hannu kamar yaron da aka saya wa keke. Ban taɓa ganin mai furfura yana murna haka ba. Na kuma ga mutanenka a get. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni."

Na ce zan je in faɗa.

Ya juyo. Ran da na zubar da tangaran ma bai yi mini wannan kallon ba. "Magana ta wuce. In ka tayar da ita, kai ka rasa aiki, ni ka mai da ni maƙaryaci. Hau mota."

Na hau. Kuma, Allah ya sani, wani sashe na zuciyata ya ji daɗi. An ba ni izni in yi shiru.

Alhamis, 27 ga wata, da hantsi

Yau na haɗa kai da bodi, Baba yana tsaye. Na ji ƙaf. Na fizge ta, ta riƙe. Na sauka na sa gwiwa a ƙasa, na haska tocila. Ƙarfen nan bai kai tsawon tafin hannuna ba. Shi ke riƙe da tan arba'in. Durƙuso ɗaya ne, bai kai tsawon atishawa uku ba.

Na daɗe a ƙasan. Baba ya ce, "Ka samu ɗaki a can ne?"

Lahadi, 30 ga wata, bayan magariba, a gida

Baba ya sa hannu a takardata jiya. Ya rubuta cewa na iya. Jibi manya za su zauna a kansa.

Na samu Gwamnati tana ninke kayan yara, na gaya mata abin da nake son yi gobe. Ba ta daina ninkewa ba. Ta ninke riga uku kafin ta yi magana.

Ta ce, "Shi da kansa ya ce ka bari."

Na ce haka ne.

"Kuma an sa maka hannu."

Na ce an sa.

Ta ce, "Ni ba zan ce ka je ba, ba zan ce kada ka je ba. Watannin nan takwas ni na san su, kai barkwanci kake yi wa mutane a ƙofar gida. Amma yarinyar nan ta daina cin abinci in kana tsakar gida, ina gani." Ta ajiye rigar. "In za ka je, ka sa farar rigarka. Kada a kore ka kana kama da wanda ya cancanta."

Litinin, 1 ga sabon wata, da azahar

Na shiga. Na tsara jawabi tun daga gida, mai gabatarwa da komai. Da manaja ya ɗago kai sai jawabin ya bi ta taga. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni na haɗa motar. Baba yana ofis. Ya ce kada in taɓa."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Na sani."

Na ce wa ya gaya masa.

"Wandonsa. Shekara goma sha biyu nake kujerar nan, ban taɓa ganin mutumin nan ya haɗa mota gwiwarsa ba ƙasa ba. Ran nan wandonsa fes. Amma dattijo ya dube ni ya ce shi ne, ya kuma sa hannu. In ce masa ƙarya yake?" Ya jawo takarda. "Yanzu ka shigo ka ba ni aiki. Rubuta abin da ka faɗa, gobe in kai musu. Ka je gida, kada ka zo sai an kira ka."

Na rubuta. Shi ne rubutu mafi tsawo da na taɓa yi wa hukuma, layi shida.

A bakin ƙofa na ci karo da Baba. Ya dubi farar rigata, ya dubi ƙofar ofis. Ya ce, "Wa ya aike ka?" Bai jira amsa ba.

Talata, 2 ga wata, da la'asar

Ba a kira ba. Na gyara ƙofar banɗaki, wadda ba abin da ya same ta.

Laraba, 3 ga wata, da magariba

Ba a kira ba. Na ajiye littafin nan a kan jakar makarantar Lauya. Ban yage ko shafi ɗaya ba.

Alhamis, 4 ga wata, da yamma

Da safe na same shi a kan matashina. Ta bi shi da jan biro. Ta gyara mini kuskure goma sha bakwai, ta kuma cika gefen shafuka da tambayoyi. Shirwar wane launi ce bayanta? Jirgin me ya hana shi nutsewa? Wanda ya faɗa kwarin nan an ciro shi? A shafin farko ba ta rubuta komai ba, layi kawai ta ja a ƙarƙashin inda na ce ina nazarin takalmina.

Da hantsi aka kira. Ba a kore ni ba. An soke hannun da Baba ya sa, gwaji ya koma farko, wata uku, da takardar gargaɗi, kuskure ɗaya in tafi. Baba zai ci gaba da doguwar hanya, tunda ba idonsa ne ya gaza ba. Amma sifirinsa yana nan. Sun ce da sifirin na fasa tangaran ne, yanzu kuma na ƙaryar da ya sa wa hannu ne. Manaja ya ce hukuncin da ya fi yi masa daɗi shi ne wata ukun nan ni da Baba tare za mu yi su.

Juma'a, 5 ga wata, bayan la'asar

Tun safe bai yi mini magana ba sai "hagu" da "rage." A wani zango, wurin mai shayi, muka tarar da Mai Tanki, labari ya riga mu isowa. Ya tashi da kansa ya ɗauko kofin tangaran, ya goge da gefen rigarsa, ya ajiye gaban Baba. Ni aka miƙo mini na roba. Mai shayi ya ce in riƙe da hannu biyu.

Da muka koma wajen mota na ce, "Baba, ban dawo maka da talatin da ɗayanka ba."

Yana ƙwanƙwasa taya, ya ce, "Da ka yi shiru, kyauta ce na ba ka. Tunda ka ƙi kyauta, ta zama bashi. Shekara talatin da ɗaya nake bin ka. Ka ja mota ba ka zubar da ko cokali ba, sai ka cika su."

Na yi lissafi da yatsu. Na ce, "Baba, lokacin ina da saba'in da biyar fa."

Ya ce, "Da ka yi wannan lissafin kafin ka danna hon."

Na ce ko zai ara mini gudumar in fara. Ya ce in sayi tawa.

Na durƙusa na haska. A kulle take, da idona na gani. Gwiwar wandona ta fara fari, sai na gaya wa Gwamnati ta nemi ƙyallen faci.

Lauya, yau mun sauka lafiya. Na biya kwana ɗaya. Saura shekara talatin da ɗaya, ba kwana ɗaya.